Jini cike da sinadarin girma amma yaro ya ƙi tsawo: furotin ɗin da akala ke hannunsa

Wasu yara biyu 'yan gida ɗaya, mace da namiji, aka kai wajen likitan yara a birnin Madrid na ƙasar Sifen saboda sun ƙi tsawo, sa'o'insu duk sun wuce su. Likitan, Jesús Argente, ya yi abin da kowane likita zai yi, ya sa aka ɗebi jini a auna sinadaran da ke sa yaro girma, kuma tunanin kowa shi ne za a samu sinadarin ya yi ƙasa. Da sakamako ya fito sai aka ga akasin haka, sinadarin ya cika jinin yaran har ya haura yadda ake samu a masu lafiya. To ga kaya jibge a jini, ga yara kuma ba tsawo, ƙasusuwansu ma sirara. Can a Amurka wani likitan, Andrew Dauber, shi ma yana fama da irin wannan ɗaurin kai a wani gida na Falasɗinawa, yara uku. A 2016 ne suka haɗa kai suka fitar da bayanin abin da suka gano, kuma wallahi ni a wajena wannan labarin shi ne hanya mafi sauƙi ta gane wasu furotin da ke riƙe sinadarin girma a jini, abin da ya shafi ciwon suga da kansa da ciwon ƙoda da mai ciki, har da yaranmu da ke tsumburewa a ƙauyuka da birane.

Bari mu faro daga tushe. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ba ta wuce ƙwayar wake ba, ita ke fitar da wani sinadari da ake kira homon na girma. Mutane da yawa sun ɗauka shi wannan homon ɗin kai tsaye yake zuwa ya ja ƙashi ya tsawaita shi, to mafi yawan aikin ba haka yake tafiya ba, aike yake yi. Yana zuwa hanta ya ba ta umarni ita kuma ta ƙera wani ɗan ƙaramin furotin da ake kira IGF-1, ma'anar sunan shi ne sinadarin girma mai kama da insulin, shi ne ke zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayoyin halitta ya ce ku rabu biyu, ku ƙaru, kada ku mutu. Tun 1957 wasu masu bincike biyu a St. Louis ta Amurka, Salmon da Daughaday, suka lura da haka, sun ɗauki guringuntsin ɓera suka zuba masa homon na girma a kwano bai ko motsa ba, amma da suka zuba masa ruwan jinin ɓera mai lafiya sai ya kama aiki, suka ce lallai akwai ɗan aike a tsakani. Sai a 1978 a birnin Zurich Rinderknecht da Humbel suka warware tsarinsa, suka ga tubali 70 ne aka jera, kuma jerin ya yi kama da na insulin sosai kamar wa da ƙani. Yana da ɗan uwa IGF-2, wanda shi ya fi taka rawa lokacin da ɗa ke ciki.

A nan ne tambaya take. Insulin dai kowa ya san aikinsa, sauke suga yake, kuma duk mai ciwon suga da ya taɓa yin allura bai ci abinci ba ya san yadda jiki ke rawa, gumi ya keto, ido ya yi duhu. To IGF da ke yawo a jininmu ya ninka insulin yawa wajen sau 1000. Gaskiya ne ƙarfinsa wajen sauke suga bai kai na insulin ba, amma da wannan yawan, da a sake yake, ba mai kai azahar a tsaye, duk sai mun zube. Abin da ya hana shi ne kusan dukkansa a ɗaure yake, wanda ke yawo a sake bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Masu ɗaure shi wasu furotin ne guda 6 da ake kira IGFBP, daga na 1 zuwa na 6, ni zan riƙa ce musu mariƙa don aikinsu kenan, riƙo.

Ku ɗauki misalin dukiyar maraya. Uba ya rasu ya bar wa yaro ɗan shekara bakwai gona da shanu da kuɗi, ba mai hankalin da zai damƙa masa su a hannu, kafin sati sun watse. Sai a nemi mariƙi mai amana ya adana, ya riƙa fitar da na abinci da na makaranta da na magani a kan lokaci. Haka mariƙan nan suke. IGF-1 da yake shi kaɗai a jini ba ya wuce kamar minti 10 jiki ya share shi. In mariƙi na 3 ya kama shi, sannan wani babban furotin na uku daga hanta mai suna ALS ya zo ya rungume su su biyun, sai su zama ƙulli ɗaya mai nauyi wanda ba zai iya ratsa bangon ƙananan jijiyoyin jini ba, ƙoda ma ba za ta iya tace shi ta zubar ba, a haka sai ya yi awa 12 ko fiye yana zagayawa. Wajen kashi 75 zuwa 80 na IGF ɗin jini a cikin wannan ƙullin na uku yake, rumbu ne mai tafiya. Kuma riƙon da mariƙi ke yi masa ya fi ƙarfin jan da ƙofar ƙwayar halitta ke yi masa, ma'ana ko sun zo wucewa ta gaban ƙofa ba zai tsalle ya shiga don kansa ba, sai an kwance shi.

To wa ke kwancewa? Jiki yana da wasu furotin masu aikin almakashi, su ke zuwa daidai wurin da ake bukatar girma, misali bakin ƙashin yaro inda yake ƙaruwa, ko wurin da rauni ke warkewa, ko ƙwan mace da ke nuna, su yanka mariƙin gida biyu, yana yankuwa sai riƙonsa ya saki, IGF ya fito a gaban ƙofar da ake so. Biyu daga cikin almakasan nan su ne PAPP-A da PAPP-A2. Na farkon tun 1974 aka gan shi jibge a jinin mata masu ciki ba a san me yake yi ba, sai a 1999 aka gane ashe mariƙi na 4 yake yankawa. Na biyun kuma mariƙi na 3 da na 5 yake yankawa.

Yanzu ku koma kan yaran Madrid. Almakashinsu na biyu ne ya zo a lalace tun daga gado, sun gaji lalatacciyar ƙwayar daga uwa sun kuma gada daga uba, irin dai yadda sikila take, iyaye lafiyarsu lau amma kowa na ɗauke da rabi, shi ya sa a gidan Falasɗinawan nan da aka yi auren zumunci abin ya fito wa yara har uku. Hanta tana ƙera IGF, mariƙi yana kamawa, ba mai kwancewa. Jiki ya ji shiru ba girma sai ƙwaƙwalwa ta ƙara turo homon, hanta ta ƙara ƙerawa, mariƙi ya ƙara kamawa, rumbu ya cika ya batse amma yaro na jin yunwa. A takarda maraya attajiri ne, a gida ko koko babu. Da aka auna wanda ke sake kaɗai, sai aka ga ya yi ƙasa ƙwarai. Da aka fara yi wa yaran Sifen ɗin allurar IGF-1 na roba wanda ke shiga jini a sake, sai tsawonsu ya fara motsi.

Akwai kuma kishiyar wannan. A 2004 Horacio Domené da abokan aikinsa a Buenos Aires ta Ajantina suka ba da labarin wani saurayi ɗan shekara 17 da jikinsa ba ya yin ALS sam. Shi rumbun ne babu, IGF-1 da mariƙi na 3 a jininsa sun yi ƙasa sosai da sosai, irin adadin da in ka gani a takarda za ka ce wada ne. Amma gajartarsa ba ta kai haka ba, matsakaiciya ce, sai jinkirin balaga da kuma jikinsa ba ya jin insulin yadda ya kamata. Dalili kuwa su ƙasusuwa da tsoka suna ƙera nasu IGF ɗin a wurin, suna amfani da shi nan take ba sai sun jira na hanta ba. Ku jera waɗannan biyun ku gani, ɗaya jini cike ga gajarta, ɗaya jini wayam amma gajartar kaɗan. Wannan ne ya sa nake jin ba daɗi in na ga mutum ya karɓo sakamakon gwaji daga lab ya ga lamba ta hau ko ta sauka, ya shiga intanet ya yanke wa kansa ko ɗansa hukunci. Lambar tana gaya maka abin da ke rumbu ne, ba ta gaya maka abin da ya shiga tukunya.

Abin har da mataki na gaba, shi kansa almakashin yana da mai taka masa birki, wani furotin STC2. A wani babban bincike na 2017 kan tsawon mutane an samu wasu ƙalilan da birkin nasu ke da rauni, almakashi na yanka da yawa, kuma sun fi sauran mutane tsawo da kusan santimita 2. A ɓeraye kuma Cheryl Conover ta asibitin Mayo ta cire PAPP-A gaba ɗaya, aka haife su ƙanana kamar kashi 60 na girman 'yan uwansu, amma suka fi su tsawon rai da wajen kashi ɗaya cikin uku. Ɓera dai ba mutum ba ne, kada wani ya ɗauka an samo maganin tsufa, amma ya nuna girma da daɗewa ba koyaushe suke tafiya hanya ɗaya ba.

Me zai faru in IGF ya kuɓuce wa mariƙi? Wannan likitoci sun gani da idonsu tun kafin su san sunansa, a 1930 wasu likitoci biyu, Doege da Potter, kowannensu ya ba da labarin mara lafiya mai ƙaton ƙari a ƙirji. Irin waɗannan ƙarin, da wasu na ciki, da kuma kansar hanta, wani lokaci suna ƙera IGF-2 wanda ba a gama gyara shi ba, ya fi na ainihi girma, ba ya shiga ƙullin nan na uku yadda ya kamata, sai ya tsaya a ƙaramin ƙulli na biyu wanda ke ratsa jijiya cikin sauƙi ya je ya buɗe ƙofar insulin. Mutum ba shi da ciwon suga, bai sha maganin suga ba, amma kullum da asuba sai a same shi a sume ko yana sambatu, in an auna suga ta faɗi warwas, in an auna insulin kuma shi ma yana ƙasa. Wannan ya shafe mu kai tsaye domin kansar hanta tana da yawa a Afirka ta Yamma saboda ciwon hanta nau'in B da kuma gubar da ke fitowa a gyaɗa da masara in sun yi fumfuna a ajiya. Dattijo mai kumburin ciki da ke ruɗewa da sassafe, kafin a ce iska ce ko tsufa, don Allah a caka yatsa a auna suga, abin minti ɗaya ne. In an samu damar cire ƙarin sumar tana ɗaukewa, in ba hali kuma akwai magunguna da tsarin cin abinci akai-akai har cikin dare da ke sauƙaƙa wa mutum.

Mariƙi na 1 shi halinsa daban ne, shi ne mai saurin motsi a cikinsu. Na 3 zai iya kwana ya wuni adadinsa bai canja ba, shi kuwa na 1 cikin awanni yake hawa da sauka kuma insulin ne ke juya shi. Ka ci tuwo insulin ya tashi, hanta ta daina ƙera shi, IGF ya ɗan samu sakewa domin ga abinci a yi gini. Ka kwana ba ka ci ba, ko mai azumi da la'asar sakaliya, insulin ya kwanta, mariƙi na 1 ya tashi ya kame ɗan IGF ɗin da ke sake don kada ya ƙara jan sugar da ta rage. Tsari ne mai kyau wallahi. To mutumin da ƙiba ta yi masa yawa musamman tumbi, jikinsa ya daina jin insulin, sai insulin ɗin ya zauna a sama dare da rana, mariƙi na 1 kuma ya zauna a ƙasa. Binciken da aka yi a Suwidin ana bin mutane shekaru ya nuna masu ƙarancinsa sun fi faɗawa ciwon suga daga baya, tun sugarsu tana nuna lafiya lau. Haka ma matan da ke da matsalar nan ta ƙananan ƙuraje a ma'ajiyar ƙwai, masu rikicewar al'ada da fitowar gashi a haɓa da jinkirin haihuwa, ana yawan samun mariƙi na 1 ya yi ƙasa a jikinsu, insulin da IGF sai su haɗu su riƙa zuga ma'ajiyar ƙwan tana fitar da homon na maza fiye da kima.

A ɗakin haihuwa ma yana da amfani, kuma nan ne ilimin ya zama abin riƙewa a hannu. Ruwan da ɗa ke kwance a ciki yana ɗauke da mariƙi na 1 ninki 100 zuwa 1000 kan wanda ke jinin uwa. Mace ta zo ta ce tana jin ruwa na bin ƙafarta, faya ce ta fashe ko fitsari ne ko ruwan gaba ne kawai? Amsar tana da nauyi, domin in faya ce kuma ciki bai isa ba ƙwayar cuta na iya hawa ta kama uwa da ɗa. A ƙasar Finlan aka ƙera wani ɗan tsinken gwaji, Actim PROM, kamar na gwajin ciki, yana neman wannan furotin ɗin, cikin minti 5 ya nuna. Ɗaya gefen kuma, in mabiyiya ba ta kai wa ɗan tayi isasshen abinci da iska, hantarsa sai ta ƙara ƙera mariƙi na 1 ya kame IGF, wato ɗan da kansa ya rage girma don abin da ke shigowa ya ishi ƙwaƙwalwa da zuciya. Shi ya sa jariran da aka haifa ƙanana alhali watanninsu sun cika ake samun mariƙin nan a sama a jinin cibiyarsu. Hawan jinin masu ciki na jawo haka, maleriyar da ke maƙalewa a mabiyiya ita ma tana rikita wannan tsarin, kun ga gidan sauro da maganin rigakafin maleriya da ake ba mata a wajen awo suna kare girman ɗan ne tun a ciki.

Kansa kuma nan ne labarin ya cakuɗe, kuma gara in faɗa yadda yake da in gyara shi ya yi kyau. Tunani na farko mai sauƙi ne, IGF na ce wa ƙwayar halitta ki ƙaru kada ki mutu, kansa kuma ƙwayar da ta ƙi mutuwa ce, to mai kame IGF ai mai tsaro ne. Hujjoji ma sun fara zuwa a jere. A 1992 aka gano PSA, wannan da ake aunawa a jinin maza manya don duba kansar mafitsara irin ta maza, wato ta prostate da ke ƙarƙashin mafitsara, ashe shi ma almakashi ne yana yanka mariƙi na 3. A 1995 aka gano p53, furotin ɗin da ke gadin ƙwayar halitta in ta lalace, ɗaya daga cikin waɗanda yake kira su taya shi aiki shi ne mariƙi na 3. A 1998 June Chan da abokanta a Harvard suka duba jinin da likitoci maza suka ajiye shekaru kafin su yi rashin lafiya, mutum 152 da suka kamu da kansar mafitsara da 152 da ba su kamu ba, suka ga waɗanda IGF-1 ɗinsu ya fi yawa haɗarinsu ya ninka sau 4 da ɗoriya. Sannan ga mutanen kudancin ƙasar Ekwado masu wata larura da likitan Isra'ila Zvi Laron ya fara bayyanawa a 1966, jikinsu ba ya jin homon na girma sam, gajeru ne ƙwarai, IGF-1 da mariƙi na 3 duk a ƙasa. Wani likitan ƙasar, Jaime Guevara-Aguirre, ya bi mutum 99 daga cikinsu shekara 22, a rahoton 2011 mutum ɗaya tak ya yi kansa kuma ba ta kashe shi ba, ba wanda ya yi ciwon suga, alhali danginsu masu tsawo kashi 17 kansa ta kama su.

Sai dai da aka ƙara yawan mutanen da ake bincike a kai, ninkin nan na 4 ya yi ta raguwa. Da aka haɗa bincike 17 kan kansar nono a 2010, matan da IGF-1 ɗinsu ya fi yawa haɗarinsu ya ƙaru ne da kashi 28 cikin 100 kawai, shi kuwa mariƙi na 3 da ake ce masa mai tsaro ba a ga wata kariya da yake bayarwa ba. Abin ma ya wuce nan. Robert Baxter a Sidni ta Ostareliya ya shafe shekaru yana nuna cewa mariƙi na 3 yana da wasu ayyukan da ba ruwansu da IGF, yana shiga har cikin cibiyar ƙwayar halitta ya taya ta gyaran kundin gadonta in ya tsage, wannan a lafiyayyar ƙwaya alheri ne, amma a ƙwayar kansa da ake ƙonawa da haske ko ake ba ta magani don a tsaga kundin ta mutu, mai gyara ai ya zama ɗan hannun ɓarawo. A wani nau'in kansar nono mai zafi yawansa a cikin ƙarin alama ce mara kyau. Mariƙi na 2 shi ma yana hawa sosai a mummunar kansar ƙwaƙwalwa da ta mafitsara. Kamfanonin magani sun zuba maƙudan kuɗi suna ƙera allurar toshe ƙofar IGF, na kamfanin Pfizer ya kai babban gwaji kan kansar huhu aka dakatar da shi a tsakanin 2009 da 2010 don bai taimaka ba. Ɗaya daga cikin irin alluran, teprotumumab, daga baya ya samu gida a wani wuri daban, a 2020 aka amince da shi don masu ciwon maƙoƙo mai turo ido waje. Ni abin da na ɗauka a nan, duk wanda ya ce maka ga gwajin IGF ko na mariƙinsa da zai gaya maka za ka yi kansa ko ba za ka yi ba, kada ka ba shi kuɗinka, ilimin bai kai nan ba.

An ma gwada ba da IGF-1 haɗe da mariƙinsa a matsayin magani ɗaya, don ya daɗe a jini kuma kada ya kayar da suga. Amurka ta amince da shi a ƙarshen 2005, rigimar haƙƙin mallaka ta fitar da shi daga kasuwar yara masu gajarta a 2007. Daga baya aka gwada shi a bakwainin da aka haifa kafin sati 28, su da aka yanke musu IGF ɗin da suke samu a ciki, da niyyar kare musu ido, sakamakon 2019 ya nuna idon bai karu ba amma mummunan ciwon huhu ya ragu.

Ƙoda a taƙaice, ita ke tace ƙananan mariƙa da gutsattsarinsu ta zubar. In ta gaza sai su taru a jini su kame IGF, shi ya sa yaro mai daɗaɗɗen ciwon ƙoda ke tsayawa cak ko da homon ɗinsa na girma lafiya lau yake, irin matsalar yaran Madrid ce ta wata ƙofar.

To yanzu mu zo gida, don wannan ne ya sa na zauna rubuta duk wannan. Larurar almakashi da ta ALS mutane ƙalilan ne a duk duniya, amma ƙidayar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna kashi 37 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kashi 57, wato fiye da rabi. Ka auna jinin yaro mai tamowa, homon na girma a sama za ka same shi ba a ƙasa ba, ƙwaƙwalwa tana ta aike amma hanta ta toshe kunne saboda ba kayan gini, IGF-1 ya faɗi, mariƙi na 3 ya faɗi, rumbu ya kwashe, shi kuma mariƙi na 1 ya tashi ya kame ɗan abin da ya saura. Jikin yaron ya zaɓi ya rayu ya bar maganar tsawo. Saboda haka iyayen da ke yawon neman allurar tsawo ko wani sirof na kemis wai mai sa girma, abin da yaron ke da shi har ya yi yawa ne suke son ƙara masa.

Kuma ba yunwa kaɗai ba ce. A 2014 Andrew Prendergast da abokansa suka duba jinin jarirai a Zimbabuwe, waɗanda suka tsumbure sun samu IGF-1 da mariƙi na 3 a ƙasa, alamomin kumburin cikin jiki kuma a sama, tun suna 'yan makonni. Yau gudawa, gobe zazzaɓi, jibi mura mai sauka ƙirji, kowane ɗaya sinadaran yaƙin da jiki ke fitarwa suna ce wa hanta ajiye gini tukuna, ko da yaron yana cin abinci. Sai dai gyaran ba shi da sauƙi kamar yadda ake zato, a ƙauyukan Zimbabuwe ɗin an yi babban gwaji da aka fitar a 2019, aka gina wa gidaje masai aka ba su wurin wanke hannu da maganin tsarkake ruwa, tsawon yaran bai canja ba, da alama dattin da ke kewaye da yaro mai rarrafe cikin kashin kaji da na awaki ya fi ƙarfin wannan ɗan gyaran. Wanda ya yi aiki shi ne ɗan ƙarin abinci mai gina jiki kullum daga wata 6 zuwa 18 tare da koyar da uwaye, ya rage tsumburewa daga kashi 35 zuwa 27. Nau'in abincin ma yana da tasiri, a Denmak a 2004 an ba wasu yara 'yan shekara 8 madara da yawa na sati ɗaya wasu kuma nama mai furotin daidai da ita, masu madarar ne IGF-1 ɗinsu ya hau. Mu da muke da nono da kindirmo da ƙwai da wake da waken suya da ƙuli-ƙuli, abin takaici ne a ce kunun yaron da aka yaye tsurar gero ne da suga, ƙwan kuma an kai kasuwa.

A cibiyoyin kula da tamowa, in aka fara ba yaro wannan kwaɓin gyaɗa da madara na cikin leda kuma aka kashe masa cutar da ke jikinsa, abubuwan nan suna juyawa ɗaya bayan ɗaya, insulin ya farfaɗo, mariƙi na 1 ya sauka ya saki abin da ya kame, hanta ta fara jin kiran ƙwaƙwalwa, IGF-1 da mariƙi na 3 su hau, homon ɗin da ya yi ta ihu ya lafa. Uwa za ta fara ganin kumatu sun ciko da damtse ya yi kauri, amma in aka tsayar da shi a jikin ma'auni tsawon yana nan inda yake, kada hankalinta ya tashi, nauyi ne ke fara dawowa, sai ya kusa cika sannan ƙashi ya soma miƙewa, kuma wannan miƙewar ta fi samuwa in yaron bai wuce shekara 2 ba.